Bashi Kaluba da Waya Mai Ƙafa Uku

A unguwar Chimwemwe ta Kitwe, a ƙasar Zambiya, in ka ce Lombe Sampa kake nema sai a tsaya ana sosa ƙeya. Amma ka ce Bashi Kaluba, wato baban Kaluba mai na'urar kiɗa, ko mai tallan gawayi zai nuna maka gidan da haɓa. Shekara ashirin da shida ya yi a mahaƙar tagulla, a sito, yana miƙa wa masu gyaran lantarki waya da filaya ta taga. A bakinsa kuwa shi ya riƙe wutar mahaƙar kaf, kuma wai ranar da ya yi ritaya har injiniyoyi sai da suka yi hawaye. Mu dai da muke unguwar ba mu taɓa haɗuwa da wanda ya ga hawayen ba.

Na'urar tana kusurwar falo, kan wani teburi da ba a yarda a ɗora masa ko kofin shayi ba. Baƙa ce siɗik, da allurai biyu masu rawa in kiɗa na tashi, ga lasifikoki biyu da suka kai ƙugun mutum, kowace da filoginta. Kullum sai ya goge ta kafin ya wanke fuskarsa. Ka kuskura ka kira ta rediyo, kun ɓata na mako guda. A bayanta akwai kafofin waya iri biyu, ƙanana masu ido ɗaya waɗanda yake amfani da su, da wasu manya masu ido uku-uku da bai san amfaninsu ba. Don haka ya sanar da duniya cewa na shan iska ne.

To, sai Kaluba ya sami matar aure. Dangin amarya suka sa Asabar don chilanga mulilo, ranar da matan gidansu za su ɗauko girki kala-kala a ka, da ganguna da guɗa, su kawo wa ango har gida. Tun Litinin matar gidan, Bana Kaluba, wato maman Kaluba, take lissafin kujeru da kwanuka. Shi kuwa maigida tunani ɗaya ne a kansa.

"Ranar nan surukai za su san gidan wa suka shigo," ya ce yana shafa kan na'urar. "Lasifikoki za su fita gindin mangwaro. Ita kuma tana nan a falo, ba rana ba hannun yara. Waya zan ja ta taga, ta bi bangon kicin, ta ratsa tsakar gida. Mita talatin. Wasan yara!"

Bana Kaluba ta ajiye kwanon hannunta. "Bashi Kaluba, da gangunansu za su zo. Wa ya roƙe ka kiɗa?"

"Ganga? Fatar akuya? A gidan injiniya?"

"A gidan mai tsaron sito dai. Ka saurare ni da kyau. Shekara goma sha ɗaya ina zagaye teburin nan kamar wuta ce a kai. In abin nan ya kunyata ni gaban surukaina, ya bar gidan nan. Ba falo na ce ba, gidan."

Ya ƙyalƙyale da dariya har da dukan cinya. "Na yarda! In ko tari ta yi, ki ɗauke ta da hannunki. A kira shaida!"

Ba a ma wahala wajen neman shaida ba, don tun ɗazu Sakala maƙwabcinsu yake jingine da shinge yana cin gasasshiyar masara. Sakala mutumin Chipata ne, Bangoni, shi kuwa Bashi Kaluba Babembe, abokan wasa ke nan tun kaka da kakanni, ba mai gaida wani sai da tsiya. Abin da ya fi ci wa Bashi Kaluba rai shi ne, Sakala ya yi shekara talatin yana haɗa wayoyi a gidan rediyo, kuma bai taɓa yin fariya da haka ba.

"Na shaida," in ji Sakala. "Amma ci-biri, wace waya za ka ja mita talatin?"

"Wadda nake ja kullum, ci-ɓera. Mai kan zinariya."

"Waccan ta falo ce, tafiyar taku biyu. Ka miƙa ta mita talatin, duk abin da ta tsinta a hanya sai ta kawo maka. Ina da doguwa mai ƙafa uku a ɗaki, zo ka ɗauka."

"Ƙafa uku! Murhu zan kafa? Je ka ka gasa ɓeranka, ka bar maganar tagulla ga 'ya'yan tagulla."

Ranar Talata ya dawo daga kasuwa da wayoyi shida masu kauri, kawunansu na ƙyalli, ya jona su ɗaya bayan ɗaya ya naɗe gaɓoɓin da salatif. Ya ja ta taga, ya bi bayan firji, ya sauka tsakar gida. Ya sa faifan kalindula, kiɗan rawa na ƙasarmu, ya gyara wuyan riga, ya murɗa.

Wani ƙugi ya taso daga gindin mangwaro, buuuu, kamar an tsokano gidan zuma. Kiɗan yana can ƙasa yana neman hanyar fita. Kajin gidan suka watse, karen Sakala ya ɗaga kai sama ya kama haushi.

"Sabon salo ne?" Sakala ya tambaya ta kan shinge. "Yaya ake rawarsa?"

"Gwaji nake! Kowane injiniya yana gwaji!"

Ya bi wayar da ido har ya tsaya a kan firji. Shi ke nan, an sami mai laifi. Ya zare filogin firjin, ƙugin ya ɗan ragu, ya buga ƙirji ya ce ai shi kallo ɗaya yake wa cuta ya gane ta. Sai dai bai mayar da filogin ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Da safiyar Laraba Bana Kaluba ta buɗe firji, warin kifin da ta saya don baƙi ya mare ta har sai da ta ja da baya.

"Bashi Kalubaaa!"

"Na'am. Ai kifin nan tun a kasuwa na ga idonsa bai yi min ba."

"Idonka ne zai daina yi maka yanzu!"

Ya fice da sauri, don a ganinsa injiniya ba ya tsayawa gardamar kifi. Ya tuna a mahaƙa yakan ji masu lantarki suna cewa a kai waya ƙasa. To ai ga ƙasa nan birjik. Ya samo rodi mai tsawon hannu biyu, ya zaɓi wuri kusa da mangwaro, ya ɗaga guduma.

"Kai, bututun famfo nan ya bi fa," in ji Sakala.

"Ni na shimfiɗa bututun gidan nan da hannuna. Can ya bi."

Bugu na farko, lafiya. Na biyu, lafiya. A na uku ruwa ya yi tsiri ya cire masa hula. Kafin a rufe famfo daga titi, wurin da za a kafa rumfa ya zama fadama, agwagin Bana Mpundu ta gidan gaba sun shigo ta ƙarƙashin shinge suna wanka. Bashi Kaluba ya tsaya tsamo-tsamo da guduma a hannu ya ce dama wurin yana buƙatar yayyafi. Bana Kaluba ta ɗaga yatsu uku, kwana ukun da suka rage, ta koma ciki.

Ranar Alhamis aka zuba yashi, aka kafa rumfa, aka fito da kujerun falo waje don a wanke ɗaki. Shi kuma ya wayi gari da sabuwar hikima: tunda ƙasa ta ƙi, sama za a bi. Ya kafa gora huɗu, ya ɗaga wayar ta bi saman igiyar shanya, ta yi lilo daga taga har rumfa, tsayi ya fi na mutum biyu. Ya kunna na'urar, ya ƙure murya, bai sa faifai ba tukuna, ya zo ya kwanta rigingine bayan lasifika yana ɗaure gaɓar ƙarshe, ƙafafunsa kawai ake hangowa.

Yana gama ɗaurewa lasifika ta yi gyaran murya. Doguwar wayar nan da ke reto a sama ta zama eriya, ta kamo wata tasha, kuma daidai lokacin sanarwar rasuwa. Waƙar coci mai sanyi ta cika unguwa, wani mutum da murya ƙasa-ƙasa yana cewa ana sanar da 'yan'uwa na nesa da na kusa su hallara.

To a Chimwemwe in aka ga rumfa a tsakar gida, kujerun falo a waje, ga waƙar coci na tashi da rana tsaka, ba a tambaya. Bana Mpundu ce ta fara ɗaura zani ta fito. Tana isowa bakin ƙofa sai ga Bana Kaluba ta fito daga kicin, ido jawur hawaye sharɓe-sharɓe, albasa take yankawa. Bana Mpundu ta waiga ta hango ƙafafu biyu a miƙe ƙarƙashin rumfa. Sai ta ɗora hannu a ka ta zube.

"Wayyo Bashi Kaluba! Jiya-jiyan nan yake fasa famfo da ƙarfinsa! Wayyo, lantarki ya cinye shi!"

Kan ka ce me, mata sun cika ƙofa, kuka na amsa kuka. Wani dattijo ya cire hula. Wata ta rungume Bana Kaluba tana cewa ta yi haƙuri, mutum ne mai surutu amma ba shi da mugunta. Wata daga baya ta ce ai ko ba komai unguwa za ta samu barci. Bana Kaluba tana ta "Ku tsaya, ku tsaya," ba mai jin ta.

Bashi Kaluba ya ji sunansa a bakin masu kuka, ya yunƙura ya tashi zaune, sukudireba a baki.

Ranar na ga gudun da ban taɓa gani ba. Bana Mpundu, wadda kullum take kukan ciwon gwiwa, ita ta fara kai titi, ta bar takalmi ɗaya. Dattijon ya bi ta cikin gonar kabewa. Sakala kuwa yana riƙe da shinge, dariya ta hana shi tsayuwa.

"Ci-biri, sannu da dawowa! Yaya ka baro su can?"

"Wace ce ta ce unguwa za ta samu barci?" Bashi Kaluba ya daka tsawa. "Ta fito ta maimaita!"

Bana Kaluba ta share hawayen albasa, ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta tsaya a shinge. "Maƙwabci, don Allah gobe ka zo da wayar nan taka. Mutuncina ne a kai."

Ranar Juma'a da hantsi Sakala ya shigo da waya baƙa siririya a naɗe a kafaɗa, ba zinariya ba ƙyalli. Ya zagaya bayan na'urar ya soka kanta cikin ɗaya daga manyan kafofin nan.

"Kai! Za ka toshe mata numfashi!"

"Za ta rayu. Zo ka ji, ko da yake na san kunnenka ado ne. Taka silli ɗaya ne a ciki da riga. Kiɗa da hayaniyar hanya duk a kansa suke hawa, lasifika ba ta san wanne ne wanne ba. Wannan silli uku ne. Ɗaya riga. Biyun kuma kiɗa ɗaya suke ɗauke da shi, amma ɗaya a miƙe, ɗaya a kife. Hayaniyar hanya tana hawan su daidai wa daida. In sun isa, lasifika ta juyo kifaffen, kiɗa ya haɗu ya yi kyau, hayaniya kuma ta ci karo da kanta ta mutu. Ka gane?"

"Tun kana goye na san wannan."

Ƙarya yake. A duk bayanin, abu ɗaya ya maƙale masa: silli biyu, kiɗa ɗaya.

Sakala ya ja wayar ta bayan firjin, ta ƙasa, ta inda duk aka sha wahala, ya soka a lasifika ta farko wadda ke miƙa wa 'yar'uwarta. Aka kunna. Kalindula ta fito tas, ba ƙugi ba tasha, kana jin kowace tsirkiya da ƙwayarta. Bana Kaluba ta fito da muciya a hannu tana taka rawa. Bana Mpundu, da ta zo neman takalminta, ta ce kai, Sakala, hannunka da albarka. Masu wucewa suka tsaya a ƙofa suna cewa ashe dai aiki sai mai shi.

Da mutumin kirki ne, da nan ya gode wa Allah ya je ya yi aski. An gama komai, na'urarsa ta tsira, saura kawai ya zauna gobe ya sha yabo. Amma yabon ne matsalar, don ba sunansa ake kira ba. Kowane "sannu Sakala" sai ya ji shi har cikin haƙori. Abincin rana ma kasa ci ya yi, ya tasa nshima, tuwon masara, a gaba yana ta mulmula loma ɗaya.

Asabar da sassafe, mata na can bayan gida suna hidima, ya lallaɓa gindin mangwaro da sukudireba da dalma. Ya kwance kan wayar. Ga su nan kuwa, silli ja da silli fari, kowanne a ƙafarsa.

"Dubi wauta," ya ce wa kansa. "Ƙarfi biyu an raba su, kowa na tafiya shi kaɗai. In na gama su wuri ɗaya ai kiɗan ninkawa zai yi. Shekara talatin a gidan rediyo, wannan bai zo wa ci-ɓera a rai ba!"

Ya murɗe ja da fari tare, ya ɗiga musu dalma, ya mayar da murfi. Ya so ya gwada, sai ga motar 'yan'uwa daga Mufulira ta tsaya a ƙofa, gida ya cika da gaishe-gaishe. Ya ce ba komai, abin da aka yi da ilimi ba ya buƙatar gwaji.

Wajen ƙarfe ɗaya aka jiyo ganguna daga kan kwana. Mata sun fi arba'in, zani iri ɗaya, kowace da tukunya ko kwano a ka an ɗaure da ƙyalle, suna tafe suna rausaya. Ƙamshin kaza da busasshen kifi da ganye mai gyaɗa ya riga su shigowa. A gaba wata dattijuwa ce, Bana Nkole, jagorar matan gidan amarya, gajera mai faɗi, irin matan da kallo ɗaya suke wa mutum ya gyara zama. Kaluba yana zaune a rumfa cikin sabuwar riga, gumi na bin wuyansa. Uwarsa tana gefe, farin ciki ya cika ta har ba ta iya rufe baki.

Suna tsakiyar tsakar gida, waƙa ta kai inda ta fi daɗi, sai Bashi Kaluba ya shiga gabansu cikin kwat, ya ɗaga hannu biyu.

"A dakata da ganga!"

Ganguna suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ba a taɓa yi ba. Mata arba'in suka tsaya cak da kaya a ka. Bana Kaluba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Surukai, barkanku da zuwa gidan Sampa. Jiya wani maƙwabci ya ɗan taimaka da abin da ya iya, mun gode masa. Amma yau da safe na yi wa aikin gyara irin na manya. Abin da za ku ji yanzu, ko a Lusaka ba a taɓa jin sa ba. Ku riƙe tukwanenku da kyau!"

Sakala, da ke zaune a layin maza, ya ajiye kofinsa a hankali. "Gyara? Wane gyara?"

Bashi Kaluba ya taka zuwa tagar falo, ya zura hannu, ya danna.

Shiru.

Ya leƙa. Allurai biyu suna ta rawa abinsu, faifai na juyawa. Ya waigo rumfa, ko ƙis. Ya ƙara murya. Shiru. Ya ƙara. Wata kaza ta ratsa fili, kowa yana jin takunta.

"Suruki," in ji Bana Nkole, "wuyanmu fa na nama ne."

"Yanzu-yanzu, Mama! Tana ɗumama ne. Manyan na'urori sai sun ɗumama."

"Mu ma abincin ɗumi muka kawo, yana hucewa."

Ya murɗa maɓallin har ya ƙure, ya rugo gindin mangwaro, ya buga lasifika da tafin hannu, ya kara kunne. Sakala ya taso ya tsaya a kansa.

"Me ka taɓa?"

"Ƙarfafa ta na yi. Na gama ja da fari."

"Ka gama...?" Sakala ya kama kai. "Na ce maka ɗaya a miƙe yake ɗaya a kife! Ka gwara su tun kafin su isa, sun cinye juna! Kiɗan ka kashe, ci-biri, ba hayaniyar ba!"

Ya faɗe shi da ƙarfi, kuma a wannan shirun har na bakin titi sun ji. Dariya ta fara daga layin maza tana yaɗuwa.

"Ƙarya ne! Wayarka ce ta tsufa!" Bashi Kaluba ya cafki kan wayar ya girgiza da haushi.

"Kada ka ja! Ka rage murya tuku..."

Ɗigon dalmar nan, da ma aikin gaggawa ne, ya ɓalle. Ja ya rabu da fari, murya kuma tana ƙure.

Abin da ya fito daga lasifikokin nan ba kiɗa ba ne, aradu ce. Ɗanyun mangwaro suka zubo. Jarirai suka tsanyare, dattijon nan na ranar Alhamis ya sake nufar gonar kabewa. Matan gidan amarya kuwa, a yaba musu, sun yi tsalle amma ko tukunya ɗaya ba ta faɗi ba. Wanda ya faɗi shi ne injiniya. Ya yi baya da gudu, dugadugansa suka ci karo da bokitin munkoyo, abin sha mai kama da kunu, da aka ajiye don baƙi, ya zauna daɓas a cikinsa, ƙafafu a sama. Sakala ne ya fizge filogi daga bango.

Shiru ya dawo, sai ɗigar munkoyo daga gefen kwat. Bana Nkole ta dube shi daga sama har ƙasa, tukunyarta ko gezau.

"Wannan ne ba a taɓa ji ba a Lusaka? Lusaka sun yi sa'a."

Nan fili ya fashe. Har masu ganga suka kwanta kan gangunansu. Bashi Kaluba yana ta ƙoƙarin fitowa daga bokiti yana cewa ai gwajin ƙarfin lasifika ne, kuma sun ci jarrabawa.

Bana Kaluba ba ta yi dariya ba. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zani, ta shiga tsakiyar fili, ta durƙusa gaban Bana Nkole ta tafa hannu cikin ladabi.

"Iyayena, ku gafarce shi, zumuɗi ne. Bai iya ɓoye abin alheri ba. So yake ya nuna muku kyautar da ya tanadar wa yaran nan. Na'urar nan, da lasifikokinta, da teburinta, da faya-fayanta kaf, Bashi Kaluba ya ba Kaluba da amaryarsa. Yau ɗin nan za ta bar gidan nan."

Guɗa ta tashi kamar za ta yaye rumfa. Ganguna suka ɗauka. Matan suka sauke kaya suka kewaye shi suna rawa, wata tana goge masa kwat da gefen zaninta. Bana Nkole da kanta ta kama hannunsa ta ɗaga sama ta ce uba ke nan, wanda ya cire abin da ya fi so ya ba ɗansa, 'yarsu ta shigo gidan mutunci.

Bashi Kaluba ya buɗe baki. Ya dubi matarsa, ta sakar masa murmushi mai sanyi. Ya dubi Sakala, Sakala ya ɗaga yatsa ya ce a hankali, "Na shaida." Ya dubi mutum sama da ɗari suna tafa masa, abin da ya kwana biyar yana nema. Cewa a'a yanzu ya fi faɗawa bokiti muni.

"E... haka ne," ya ce. "Tun bara na yanke shawara. Ni ai haka nake, ba na ƙananan kyauta."

Aka ci aka sha, aka wanke wa ango hannu, aka buɗe tukwane ɗaya bayan ɗaya, biki ya yi kyau har ana ba da labarinsa. Shi kaɗai ne bai san ɗanɗanon komai ba. Da la'asar aka kawo a-kori-kura bakin ƙofa. Ya tsaya yana kallo aka fito da lasifikoki, aka fito da teburi, sannan Kaluba ya fito rungume da na'urar. Gaskiya ta ba shi tausayi, mu ma ya ba mu, don idonsa ya kawo ruwa sosai kuma wannan karon ba albasa a kusa. Ya cire kwat ɗinsa mai ɗanƙo, ya ga ba ta da tsabta, ya karɓi tawul ya lulluɓe ta da kansa, ya tura gefe-gefen da kyau.

Mota ta tashi. Ya bi ta taku uku, ya dafa ƙofa.

"Kaluba, ɗana. Abu ɗaya zan roƙe ka. Na'ura ce mai laushin rai. Kada ka bar kowa ya taɓa mata waya."

"To, Tata," in ji Kaluba, yadda muke kiran uba.

"Kowa fa na ce. Ko waye shi."

Kaluba ya sunkuyar da kai cikin ladabi, kamar yadda aka tarbiyyantar da shi, ya saci kallon Mayo, wato uwarsa.

"Na ji, Tata. Mayo ta riga ta ba ni sunan mutumin, kuma a gidan nan yake."